Aikin da Aka Samo wa Auta

Akwai wani mutum da duk layin masu buga takardu ke kira Manaja. Ba wanda ya naɗa shi. Ƙannensa ne suka laƙaba masa tun yana saurayi, saboda ko ruwa zai sha sai ya duba agogo.

Shi ne babban ɗa a gidansu, kuma shi yake riƙe da maɗaba'ar da babansu ya kafa. Shago ne mai ɗaki biyu, da tsohon injin bugu mai ƙarar tsiya, da injin yanka takarda, da wani teburi a lungu da aka ɗora wa kwamfuta.

Baba ya daina aiki tun da idonsa ya yi rauni, amma bai daina zuwa ba. Kullum yana kan kujerar roba a bakin ƙofa, yana sauraron injin. Yana da magana ɗaya da 'ya'yansa suka haddace tun suna ƙanana: "Ban kafa wurin nan don ɗana ya je yana rusuna wa wani ba. Duk wanda na haifa, a nan zai ci abinci."

Manaja yana kan injin bugu, ƙanensa yana kan injin yanka. Saura Auta.

Auta ita ce mace ɗaya a cikinsu. Ta karanci tsara zane a kwamfuta, kuma hannunta yana da kyau, ba yabon 'yan gida ba. Sai ga wani kamfani a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, ya aiko mata da takardar ɗaukar aiki. Ya ba ta mako uku ta ba da amsa.

Ran da takardar ta zo, Baba ya sa aka kashe injin, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana. Ya kira Manaja ya ce, "Yarinyar nan ba za ta tafi ba."

"Baba, aikin da muke samu rasit ne da katin gayyata. Wannan ko ni da yatsa biyu ina tsara shi."

"To ka nemo wanda ya fi ƙarfin yatsunka. Kai ne babba. Ka samo mata aiki a nan, ko ta yaya."

Auta kuwa ba ta yi musu ba. Ta ce, "Yaya, ni ba gudu nake ba. In akwai aikin da zan yi, wallahi na fi son nan. Amma ba zan zauna ina gadin kwamfuta ina korar ƙuda ba."

Daga ranar zama ya ƙare wa Manaja. Ya zuba zane-zanen Auta a wayarsa, ya shiga gari. Ya je ofisoshi, ya je asibitoci, ya je shagunan da ke da manyan alluna. Nan a ce oga ba ya nan, can a ce suna da mai yi musu, wani wurin a bar shi kan benci har ƙafarsa ta yi tsami. In ya dawo shago ba ya iya zama. Ya ɗauki tsumma ya ajiye, ya buɗe durowa ya rufe, ya tauna murfin biro har ya fashe. Matarsa ta ce ko abinci a tsaye yake ci, kamar wanda mota ke jira.

Mako ɗaya ya wuce bai samo ko da takardar talla ba. Kullum in ya shigo, Baba zai ɗaga kai ya ce, "An dace?" Shi kuma ya ce, "Ana nan ana yi."

Ran Litinin ta mako na biyu sai ga Kawu Tawada. Abokin Baba ne tun suna koyon sana'a a hannun maigida ɗaya, shagonsa yana layi biyu a bayansu. Ana ce masa haka ne saboda ba wanda ya taɓa ganin hannunsa fes, ko ranar ɗaurin auren 'yarsa. Shi ya fara ɗora hannun Manaja a kan inji, shi kuma yake kawo wa Auta ragowar takardu masu launi tana yarinya.

Ya shigo da farantan bugu a hammata, a naɗe da jarida. Wani ƙarfe ya karye a injinsa, kuma ba a samunsa a kusa. Ga shi yana da aikin littattafan rubutu dubu takwas na wata makaranta mai rassa uku, wadda yake yi wa aiki shekara goma sha ɗaya. Za a koma karatu Litinin mai zuwa, ya yi alkawarin kai kaya ran Juma'a.

"Ɗana, ka rufa mini asiri ka buga mini," ya ce wa Manaja. "Ni gobe zan yi tafiya neman ƙarfen nan."

Jama'a, a wannan sana'a akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba. In injin ɗan'uwanka ya tsaya, kai za ka buga masa, ka ɗaure, ka miƙa masa kayansa. Mai aikin nasa ne. Ba ka nemansa, ba ka gaishe shi, ko a hanya kuka haɗu ba ka san shi ba. Da wannan ƙa'ida layin ya rayu, don babu injin da ba ya tsayawa.

Manaja ya san wannan sarai. Ya karɓa da hannu biyu, kuma a ranar babu komai a ransa.

Sai dai aikin bugu ba ya ɓoye mai shi. A bayan bangon littafin akwai sunan makarantar, da jerin rassanta, da lambar wayar ofishin shugabar. Manaja yana tsaye a bakin injin, takardu suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambar nan a kanta. Kafin a kai dubu ya haddace ta. Kafin a kai dubu uku ya fara tunanin abin da makaranta mai rassa uku take buƙata a shekara: mujalla, kalanda, takardun shaida, allunan bango. Duk aikin zane ne. Ya juya ya kalli lungu, ya ga Auta ta zuba tagumi tana kallon takardar kamfanin nan.

Ya ce a ransa, Kawu ya tsufa. Ya ce, in ba mu ba, wani bare ne zai ɗauke. Ya ce, ai ba don kaina ba ne. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi masa daɗi, ita ya riƙa maimaitawa.

Ran Alhamis da hantsi ƙanensa ya gama yanka da ɗinki, aka jera kwalaye a bayan tulin takarda. Aka ɗora katin gayyatar wani a kan injin, yana ta ruri. Manaja ya ɗauki waya ya fita. Ya wuce Baba, ya wuce mai shayi, ya yi tafiya har ƙarshen layi inda ƙarar injin ba ta kaiwa, sannan ya kira.

"Kawu, an samu matsala. Robar injinmu ta tsage. Sai an kawo wata, ina ga sai Talata."

Kawu ya ce, "Inna lillahi. To, ɗana, kada ka takura kanka. Bari in kira shugabar in ba ta haƙuri."

Ran Juma'a da rana Manaja ya loda kwalayen a bayan mota ya nufi makarantar. Ya tarar da shugabar a ofis, waya ɗaya a kunne, ɗaya a hannu, ranta a ɓace. Iyaye sun biya, yara za su dawo, babu littafi.

Ya yi sallama ya ce, "Ranki ya daɗe, mu ne muke buga wa Kawu. Na ji halin da ake ciki, shi ne na ce yara ba za su zauna hannu sake ba. Kayanki suna waje."

Matar ta fita ta buɗe kwali, ta shinshina littafi, ta sauke ajiyar zuciya. Manaja bai zagi Kawu ba ko da kalma ɗaya. Yabonsa ma ya yi. Ya ce mutumin kirki ne, ubansu ne, sai dai shekaru, ga inji ya gaji. Ni dai a rayuwata na fi tsoron irin wannan yabo fiye da zagi.

Sannan ya buɗe waya ya nuna mata zanen Auta. Shugabar ta gyara gilashi, tana ja da yatsa tana cewa, "Wannan a shagonku ake yi?" Kafin ya fito ta lissafa masa mujalla, kalanda, sabon tambari da takardun shaida na rassa uku. Ta ce daga yau da su za ta yi aiki.

Ya koma mota. Daga nan ya sake kiran Kawu, ya ce ya samo roba a wurin wani, ya gama, ya kai kayan da kansa don kada Kawu ya ji kunya. Tsohon ya yi ta sa masa albarka. Manaja ya kashe wayar.

A shago ya ce, "Baba, an dace. Wata makaranta ce mai rassa uku."

Baba ya buɗe baki, ya rufe. Sannan ya ce, "Allah ya yi albarka."

Auta ce ta tambaya. "Yaya, ba ta Kawu ba ce?"

"Shi ya ce ba zai iya ba. Gara mu da bare."

Ta yarda, don ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Ta yi tsalle ta rungume Baba, ta share teburinta, ta liƙa takardun launi a bango. A ranar ta rubuta wa kamfanin wasiƙar ban haƙuri, ta ce za ta tura in ta gyara ta.

Kuna zaton Manaja ya samu natsuwa? Ina! Da ba ya iya zama, yanzu tsayuwa ma ta gagare shi. In waya ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. In zai je sayen takarda sai ya zagaya ta babban titi don kada ya bi ta layin Kawu. Ya fara yi wa ƙanensa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Matarsa ta ce, "Kai da ka samo aiki, me kuma ya hana ka sakewa?" Ya ce gajiya ce.

Saura kwana uku wa'adin kamfanin ya cika, da safe, sai ga Kawu Tawada a bakin ƙofa. Manaja yana riƙe da tsumma a bakin inji.

Kawu ya gaisa da Baba, suka yi barkwancinsu na tsofaffi, sannan ya wuce kai tsaye wurin Auta. Ya ciro ƙaramin filashin kwamfuta daga aljihu, ɗaure da zare.

"'Yata, an ce ke za ki riƙa yi musu. Ga duk aikinsu na shekara goma sha ɗaya a nan, kada ki wahala. Ki kula da shuɗin tambarin. Na kwamfuta ya cika haske, shugabar ba ta son sa, ki ɗan ƙara masa ja. Kuma sunan reshe na biyu suna yawan turo shi da kuskure, ki duba da kanki."

Auta ta ce, "Kawu, mun gode. Allah ya sa ka huta lafiya."

Ya yi dariya. "Hutu? Ni da na so in ƙarasa 'yan shekaruna da su. Amma ban ga laifin matar ba. Na yi alkawarin Juma'a, na kira na ce Talata. Da robar injinku ba ta tsage ran Alhamis ba, da ban yi wannan kiran ba. Ƙaddara ce. Yayanki ma ya yi ƙoƙari, shi ya fitar da ni kunya."

Ya dafa kafaɗar Manaja, ya bar masa shatin yatsu baƙi a riga, ya fita.

Ƙanen Manaja ya saki hannun injin yanka a hankali. Auta tana kallon filashin a tafin hannunta.

"Yaya," ta ce, "ran Alhamis injin nan bai tsaya ba. Ina nan zaune. Har kofina sai da ya faɗo daga teburi saboda girgiza."

"Auta, bari in yi miki bayani."

"Kuma ka ce shi ya ce ba zai iya ba."

"Don ke na yi!" Muryarsa ta fi ƙarfin yadda ya so. "Kin san ofis nawa na shiga? Kin san benci nawa na zauna? Ni me zan yi da mujalla? Don ki zauna a gida na yi!"

Idonta ya cika, amma ba ta ɗaga murya ba. "To da ka ce don kanka ka yi, da ya fi mini sauƙi. Yanzu duk shafin da na zana, da sunana aka cuci Kawu. Ka mayar masa da aikinsa."

"In na mayar, me za ki yi a nan?"

"Babu."

"In ban mayar ba fa?"

"Ba zan taɓa shi ba."

Manaja ya tsaya yana kallonta. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, ya ga duk ƙofa ɗaya take fita. Auta ta ajiye filashin a kan teburi, ta ɗauki jakarta ta tafi gida.

Daga bakin ƙofa Baba ya ce, "Ni ban aike ka wannan ba."

Shekara arba'in Manaja bai taɓa mayar wa ubansa magana ba. Ranar ya ce, "Baba, ka ce ko ta yaya."

Ƙanen Manaja ya sunkuyar da kai, yana jiran tsawa. Tsawar ba ta zo ba. Baba ya murza hannun kujera, ya ce, "Na faɗa. Kuma ran da ka ce makaranta mai rassa uku, na gane. Na yi shiru ne saboda ina son ta zauna." Ya miƙa hannu. "Kama ni. Mu je."

Haka suka bi layin, uba yana riƙe da hannun ɗa, masu shaguna suna gaishe su suna amsawa da ƙyar. Suka tarar da Kawu a tsugune gaban injinsa, an warware shi gunduwa-gunduwa a kan kwali, sabon ƙarfen yana gefe.

Manaja ya durƙusa ya faɗi komai. Bai rage tafiyarsa zuwa ƙarshen layi ba, bai rage yabon da ya yi a ofis ba. Ya ce yau ɗin nan zai je ya faɗa wa shugabar gaskiya, ko da za ta kore shi da tsintsiya.

Kawu bai katse shi ba. Yana ta goge hannu da tsumma, hannun da ba ya goguwa. Da Manaja ya gama, sai ya kalli Baba, abokinsa na shekara hamsin, ya ce, "Kai ma?"

Baba ya ce, "Ni ma."

Kawu ya gyaɗa kai. Fuskarsa ba fushi, sai wani irin baƙin ciki da ya fi fushi ciwo. Ya ce, "Duk a kan a samo wa Auta aikin zane?"

"E, Kawu."

"Ɗana, shekara uku matar nan tana damuna in yi mata mujalla da kalanda. Ni ban iya ba, kuma ba ni da mai yi. Kullum sai in ce mata badi. Ran Litinin ɗin da na kawo maka faranti, da ka buɗe baki ka ce Auta na neman aiki, da ni zan kama hannunta in kai ta ofishin da kaina."

Manaja ya miƙe zumbur. "Kawu, to ai har yanzu... bari in kira Auta. Bari in kira ta yanzu."

Ya ciro waya. Kafin ya danna, ya ga saƙo ya riga ya shigo tun suna hanya. Daga Auta ne.

"Yaya, na tura wa kamfanin amsa, na karɓa. Zan fara ɗaya ga wata. Ka gai da Kawu, ka ce ya yafe mini, ban sani ba."

Ya karanta sau biyu. Baba, da ba ya gani sosai, yana ta juya kai tsakaninsu yana cewa, "Me ta ce? Ta ɗauka?"

Kawu ne ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta wa abokinsa a hankali.

Da rana Manaja ya je makarantar kamar yadda ya ce. Shugabar ta saurare shi har ƙarshe, ta mayar wa Kawu aikinsa, ta ce shi kuma kada ya sake tako mata ofis, ko da zanen wa ya zo.

Ranar tafiya shi ya kai Auta tasha. Ya ɗora mata akwati, ya zagaya motar, ya duba taya, ya tambayi direba sau uku ƙarfe nawa za su isa. Ta leƙo ta taga ta ce, "Yaya, ka tsaya wuri ɗaya mana."

Ya tsaya.

"Da babu aiki ka ce mini, da na yi wata shida na dawo da ƙafata," ta ce. "Yanzu ban san ranar da zan iya shiga layin nan in ɗaga kai ba. Ka kula da Baba."

Motar ta tashi. Manaja yana nan tsaye har ta sha kwana.

Darasi: Burin gida abu ne mai kyau, amma in babba ya ce "ko ta yaya", ya sani wani zai ɗauki maganar da gaske. Wanda ya ci amana don iyalinsa bai kare su ba, ya dai sa su cikin laifin da ba su nema ba. Kafin ka zagaya ta bayan mutum, gwada zuwa ta gabansa ka faɗi buƙatarka. In kuna sana'a tare da iyaye ko 'yan'uwa, ku tura musu wannan labari, ku karanta shi tare kafin a buɗe shago.